Dogo Biyu Da Gada Ɗaya: Yadda Nake Daidaita Faffaɗan Katako Da Rauta Ba Tare Da Babban Inji Ba



Ni haifaffen Sabo ne a Ibadan. Mahaifina shanu yake sayarwa a Kara ta Akinyele, kuma tun ina firamare burinsa in gaje shi. Da na gama sakandare sai na ce masa ni fa aikin katako nake so. Bai ji daɗi ba, amma bai hana ni ba. Ya kai ni wurin wani kafinta Bayarabe kusa da 'yan katako na Bodija, na yi shekara uku a hannunsa. Da aka yaye ni, Baba ya sayar da wani ɗan bijimi ya ce in sayi kayan aiki. Kusan rabin kuɗin a kan inji ɗaya ya tafi, wato rauta. Ba rauta ta intanet ba fa, wannan injin hannu ne mai juya wuƙa da gudu, wanda kafintoci ke yi wa ƙofa da gado ado da shi.

Babban aikin da na fara samu, wani mai gidan abinci ne ya kawo min falankin iroko guda, tsawonsa ƙafa 6, faɗinsa inci 32, kaurinsa inci 3. Tebur yake so, kuma ya ce a bar gefen icen yadda Allah ya yi shi, saman kawai za a daidaita. Na kai wurin masu injin fileni, suka ce bakin injinsu bai kai wannan faɗin ba. Ko da ya shiga ma, injin fileni kauri yake ragewa, ba ya cire murɗiya. Idan katako ya shiga a murɗe, a murɗe zai fito, sai dai ya yi santsi.

A YouTube na ga yadda kafintocin Amurka ke yi da rauta. Cikin ɗoki na sayo katako 2 by 4 guda biyu na jera, na ɗora rauta a kan wani guntun filawud, na hau aiki. Kafin magariba inci 3 ya koma ƙasa da inci 2, kuma da na ɗora shi a ƙasa yana rawa kamar yadda ya zo. Bayan kwana goma kuma ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Dole na biya mutumin kuɗin katakonsa. Da na je wa Baba da maganar, tambaya ɗaya ya yi min: “Kai yaro, ka taɓa ganin na sayi sa ban buɗe bakinsa na duba haƙora ba?”

Wannan asarar ce ta sa na zauna na fahimci abin da kyau. Abin da na koya shi zan bayyana, don kada wani ya biya kuɗin makaranta irin nawa.

Yadda abin yake aiki

Kayan nan guda biyu ne kawai. Akwai dogo biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, katakon da za a gyara yana kwance a tsakaninsu. Sannan akwai gada da ke haye a kan dogon biyu, tana zamewa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Rauta tana zaune a cikin gadar, wuƙarta ta leƙo ta ƙasa, kana tura ta gaba kana dawo da ita. Tunda tsayin wuƙar ba ya canzawa, duk inda katako ya yi tudu za ta share shi, inda ya yi kwari ta wuce ta sama ba ta taɓa ba. Kana ƙara zurfi kaɗan-kaɗan har tudu da kwari su zama ɗaya.

Ka riƙe wannan da kyau: rauta ba ta san lebur ba. Abin da dogo ya faɗa mata shi take kwafa a jikin katako. Idan dogonka ya murɗe, murɗiya za ta zana maka. Idan gadarka ta lotsa a tsakiya, kwari za ta yi maka. Kuskurena na farko ke nan, 2 by 4 ɗin da na sayo ɗanye ne kuma a karkace, ban ko gwada shi da zare ba. Saboda haka lokacinka ya tafi a kan dogo da gada, yankan kansa ba shi da wuya.

Kayan da za ka tanada

Na farko rauta. Ka nemi babba, mai ƙarfin wat 1,600 zuwa sama, wadda bakinta, abin da ake kira kolet, ke karɓar wuƙa mai ƙotar rabin inci. Ƙananan rautoci masu kwata inci na gyaran gefe ne, ba za su jure wannan aikin ba. Idan da hali, ka sayi wadda ake rage mata gudu, kuma wadda ake danna ta ƙasa a kulle zurfinta.

Na biyu wuƙa mai shafaffen ƙasa, wadda aka yi don share fuskar katako. Faɗin inci ɗaya da rabi zuwa inci 2 ya isa. In ba ka samu ba, miƙaƙƙiyar wuƙa ta inci ɗaya ma za ta yi, sai dai za ka daɗe.

A nan akwai wani tarko da na ga ya kusa nakasa mutum. A kasuwa ana sayar da wuƙa mai ƙotar milimita 12, ana kuma sayar da mai rabin inci, wanda shi milimita 12.7 ne. Da ido kamar ɗaya suke. Idan ka sa ƙotar milimita 12 a kolet na rabin inci, ba zai kama ta da kyau ba, tana iya zamewa ko ta fice inji na gudu. Ka tafi kasuwa da kolet ɗinka a aljihu, ka gwada kafin ka biya.

Sauran kayan: filawud mai kyau shafi ɗaya, ƙafa 4 da ƙafa 8, kaurin milimita 18; katako 2 by 4 busasshe guda uku ko huɗu na shimfiɗa; sukuru; farin gam; zaren magina; kyandir; fensir; da weji da yawa waɗanda za ka yanka daga guntayen katako. Farashi yana sauyawa kullum, amma ni dai idan aka cire rauta da wuƙa, duk abin da na kashe bai kai kuɗin ɗan akuya ba.

Sai wuta. Ƙaramin janareta da muke kira “na fi maƙwabci” bai kai wat 1,000 ba, ba zai ko tayar da irin wannan rautar ba. Inji yana jan wuta fiye da ƙima a lokacin tashi, don haka ka nemi janareta mai kVA 3 ko sama, kuma wayar da za ka ja ta kasance mai kauri. Idan wutar NEPA ta yi ƙasa ka ji muryar inji ta sauya, ka kashe, kada ka ƙona kwayil.

Haɗa dogo

Sirrin filawud shi ne gefensa na masana'anta miƙe yake samɓal, kuma kowane shafi yana da irin wannan dogon gefen guda biyu. Daidai abin da muke buƙata. Ka yanko sili mai faɗin inci 5 daga wannan gefen, ka yanko wani daga ɗaya gefen, kowanne tsawon ƙafa 8. Ka ƙara yanko wasu biyu masu faɗin inci 4 da rabi, ka manna su da gam da sukuru a jikin na farkon don su yi kauri, ƙasansu ya yi daidai. Idan ka tsayar da su, gefen masana'anta ne zai kalli sama, a kansa gada za ta bi. Duk da haka ka ja zare daga ƙarshe zuwa ƙarshe ka duba, don wani filawud ɗin ya sha jifa a mota.

Tsawon dogo ya fi na katakon da ƙafa ɗaya a kowane ƙarshe, don gada ta samu wurin tsayawa. Tazarar tsakaninsu kuma ta fi faɗin katakon da inci 4 a kowane gefe. Ga falanki mai inci 32, tazara inci 40 ke nan. Ka jera 2 by 4 ɗinka a kwance a ƙasan siminti ko a kan tebur mai ƙarfi, ka ɗaure dogon biyu a kansu da sukuru da 'yan guntayen katako a kusurwa, yadda ba za su motsa ba.

Yanzu sai gwajin da ya fi komai muhimmanci. Kowane dogo yana iya miƙewa shi kaɗai, amma su biyun su saɓa wa juna, ɗaya ya ɗaga kai ɗaya ya sunkuyar. Ka ja zare daga kusurwar dama ta gaba zuwa ta hagu ta baya, ka ja wani ya gicciye shi, su yi alamar X, kowanne a ɗame a saman dogo. Zaren da ke sama, ka sa masa guntun irin zaren a ƙarƙashinsa a ƙarshensa biyu, don a fanshe kaurin na ƙasa. Sai ka durƙusa ka dubi tsakiya. Idan sun shafi juna kawai, ba tazara ba dannawa, dogonka ya daidaita. Idan akwai tazara, ka sa weji ka ɗaga ɗaya daga kusurwoyin zaren ƙasa. Idan na sama yana danne na ƙasa, kusurwarsa za ka ɗaga. Minti goma ne, amma da na yi shi ranar farko da ban biya kuɗin iroko ba.

Haɗa gada

Gada kamar kwami take, irin wanda ake zuba wa shanu dusa: ƙasa ɗaya, bango biyu. Tsawonta ya wuce dogon biyu, ni ƙafa 4 da rabi na yi tawa. Ka auna faɗin gindin rautarka, ka ƙara milimita ɗaya ko biyu, wannan ita ce tazarar da za ta kasance tsakanin bangon biyu. Idan ta matse, rauta za ta riƙa cijewa. Idan ta yi yawa, za ta riƙa rawa.

Bangon biyu su ne ƙashin bayan gadar. Filawud a kwance yana lotsawa, amma idan ka tsayar da shi a kan gefensa da wuya ya lanƙwasa. Ka yi su da tsayin inci 3 zuwa 4, ƙasansu a miƙe, ka haɗa da gam da sukuru kowane inci 6. Idan hannayen rauta suna bugun bango, ka juya ta hannayen su bi tsawon gadar.

Daga nan sai ka fasa doguwar kafa a tsakiyar ƙasan gadar, inda wuƙa za ta leƙa. Da rautar kanta za ka yanka, da miƙaƙƙiyar wuƙa, kuma kafar ta fi faɗin wuƙar sharewa da rabin inci. Ka tsayar da kafar kafin ta kai kan dogo, ka kafa ɗan katako a can ciki ya tare rauta, don kada wata rana ka yi gaba ka cinye dogonka. A ƙarƙashin gadar kuma, ta wajen kowane dogo, ka kafa wani guntun katako da zai hana ta zamewa ta faɗo. Ka goga kyandir a saman dogo da cikin gada, za ka ga tana tafiya kamar an zuba mai.

Kafin ka fara aiki, ka ɗora rauta a tsakiyar gada, ka danna ta da hannu kamar yadda za ka yi lokacin yanka, wani ya duba maka ta ƙasa da zare. Idan ta lotsa, ka ƙara wa bango kauri. Wasu suna yin gadar da ƙarfen kwana biyu, kuma yana da kyau, amma ka gaya wa mai walda ya ɗiga kaɗan-kaɗan kawai, domin zafin walda yana murɗa ƙarfe. Ya fi sauƙi ka ɗaure su da noti a jikin katako.

Duba haƙoran katako

Kuskurena na biyu shi ne ɗanyen katako. Yawancin falankin da ke fitowa daga wurin masu yanka a nan kudu, ruwa ne fal a cikinsa. Katako yana tsukewa idan yana bushewa, kuma ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba. Fuskar da ta riga bushewa ita ke jan ɗayar, shi ya sa yake lanƙwashewa. Ƙa'idar da kafintoci ke bi ita ce kusan shekara ɗaya ga kowane inci na kauri idan iska ce za ta busar da shi. Ka ga falanki mai inci 3 ba aikin wata ɗaya ba ne.

Idan ka sayo ɗanye, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka jera 'yan sanduna a tsakanin kowane falanki da na samansa. Ka shafe ƙarshensa biyu da tsohon fenti ko narkakken kyandir, don ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Idan ba ka da na'urar auna danshi, ka yi amfani da sikeli: ka auna shi, ka rubuta da alli a jikinsa, ka sake aunawa duk wata. Ranar da nauyin ya daina raguwa, ya daidaita da iskar wurin. Na ce iskar wurin fa. Teburin da ya bushe a Ibadan ko Legas, idan aka ɗora shi a tirela aka kai Kano ko Sakkwato ya tarar da hunturu, zai ƙara tsukewa, yana ma iya tsagewa. Idan mai aiki ya ce gida zai kai, ka faɗa masa gaskiya tun da wuri.

Ka kuma duba kusa da waya, musamman a icen da aka sare a cikin gari. Iroko kuma wani lokaci yana da wani farin dutse a cikinsa mai dakusar da wuƙa nan take. In ka gan shi, ka ƙwaƙule da cizil kafin rauta ta isa wurin.

Zaunar da katako

A nan ake cin riba, a nan kuma ake asarar kauri. Ka ɗora falankin a tsakanin dogo, ka ɗaga shi da guntayen katako har samansa ya rage kamar rabin inci ya taɓa ƙasan gada. Idan ya lanƙwasa ta faɗi, ka kifa shi, doron ya kalli sama, ya fi zama daram.

Katako mai murɗiya yana rawa a kan kusurwa biyu. Ni da farko sai na danne kusurwa ɗaya har ƙasa, na cusa weji a ɗayar. Hakan ya sa ɗaya ɓangaren ya yi sama sosai, dole na ci gaba da sharewa har kauri ya ƙare. Abin da ya kamata shi ne raba bambancin biyu. Misali idan ka danna, kusurwar da ke fuskantarta ta ɗaga milimita 12, sai ka sa weji mai milimita 6 a nan, mai milimita 6 a can. Ka tura gada ko'ina kana auna tazara daga ƙasanta zuwa katako, har kusurwoyi masu fuskantar juna su ba ka awo ɗaya.

Bayan haka ka cika duk wani gibi na ƙasa da weji, ka kafa guntayen katako a kewaye su matse shi ta gefe. Kada ka danne shi da ƙarfi don ya miƙe, domin kana sakinsa zai koma yadda yake. Daga ƙarshe ka zazzane fuskar gaba ɗaya da fensir. Duk inda zanen ya rage bayan ka wuce, wuƙa ba ta kai can ba tukuna.

Yanka

Ka cire wayar inji daga wuta kafin ka sa wuƙa. Ka tura ƙotar har ƙarshe, ka ɗan jawo ta kamar milimita 3, sannan ka ɗaure sosai. Idan wuƙa ba ta kai katako ba, katakon za ka ɗaga. Kada ka kuskura ka zaro ƙota waje don neman tsawo.

Manyan rautoci suna juyi sama da 20,000 a minti ɗaya, wannan kuwa ya yi wa faffaɗar wuƙa yawa. Ga mai inci 2, ka rage zuwa 16,000 ko 18,000, kuma ka bi abin da aka rubuta a kwalinta. Idan rautarka ba a rage mata gudu, ka tsaya a ƙaramar wuƙa.

Ka nemo wuri mafi tudu, ka sauke wuƙa ta taɓa shi, ka matsa gefe ka ƙara milimita 2, ka kulle. Kada ka wuce milimita 3 a zagaye ɗaya, musamman a ice mai tauri irin iroko, apa wato kawo, ko opepe. Ka fara daga ƙarshen da ke hannun damanka. Ka tura rauta gaba, ɓangaren da ba a yanka ba yana hagunka. Ka dawo da ita ta inda ka riga ka share, ka matsar da gada hagu kamar kashi biyu cikin uku na faɗin wuƙa, ka sake turawa. Idan ka ji inji yana fizgar hannunka yana son gudu da kansa, ka bi juyin wuƙa ne maimakon ka tare shi, ka sauya hanya. Idan ka ga baƙin tabo ko ka ji ƙauri, ko dai kana jinkiri ko wuƙa ta dakushe.

Aikin yana son haƙuri. Falanki mai ƙafa 6 zai ci turi kusan 60 a zagaye ɗaya, kuma fuska ɗaya tana iya cin zagaye huɗu ko biyar. Sannu ba ta hana zuwa. Zagayen ƙarshe ka yi shi da sauƙi, rabin milimita kawai, zai rage maka wahalar samfefa.

Da fuska ɗaya ta gama, ka cire weji, ka juya shi, ka tabbata abin da ya hau kai yana layi ɗaya da dogo, ka share ɗaya fuskar. Ka yi ƙoƙari abin da ka cire nan ya yi kusa da abin da ka cire can. Sannan ka jingine shi a tsaye kwana uku zuwa mako, iska ta bugi fuska biyu. In ya ɗan motsa, ka ba shi zagaye mai sauƙi.

Za ka ga 'yan layuka a jikinsa, wannan ba komai, samfefa mai lamba 80 za ta share, sai 120, sai 180. Amma idan layukan sun yi kamar matakala har farce yana kamawa, rauta ba ta zauna daidai ba ne. Ka duba ko garin katako ya shiga ƙarƙashinta, ko ka liƙa 'yar takarda a gefe ɗaya na gindinta har ta miƙe. In za ka shafa mai ko banish, ka shafa sama da ƙasa duka. Idan za ka ɗaura ƙafafun ƙarfe, ramukan sukuru su zama masu ɗan tsawo ta faɗin tebur, don katako ya samu wurin motsi tsakanin damina da rani.

Lafiyarka

Wannan aikin yana tayar da ƙura fiye da duk wani aikin rauta. Ƙurar iroko tana sa ƙaiƙayin fata, tana tayar da asma ga wasu. Ranar farko da ƙyalle kawai na rufe hanci, na kwana ina tari. Ka sayi takunkumin ƙura na gaske, da tabarau, da abin toshe kunne. Ka yi aikin a waje ko a rumfa, nesa da masu abinci. Ka cire doguwar riga, ka rataye waya ta sama don kada ta shiga gaban wuƙa, ka kori yara. Kada ka ɗaga rauta daga gada sai wuƙa ta tsaya cak.

Inda na samu kasuwa

Ni da na zata masu otal ne za su riƙa kawo min aiki, sai ga shi mahauta ne suka fi. Wani Bamahauci da ke sayen shanu a hannun Baba ya yi ƙorafi cewa gungumen da yake sara a kai ya yi rami a tsakiya, jini da ruwa suna kwanciya, ƙuda ya dame shi, 'yan duba-gari da Yarabawa ke kira wole-wole sun fara yi masa magana. Baba ya ce masa, “Kai wa yaron nan mu gani.”

Irin wannan gungumen a tsaye aka yanka shi, kan jijiyar icen ne ke sama, kuma haɗari ne a tura shi cikin injin fileni, yana iya farfashewa ko inji ya harbo shi. Rauta kuwa tana cinsa lafiya. Na kankare kitse da guntayen ƙashi, na bar shi ya sha iska, na ɗaga dogona a kan benci biyu har suka wuce tsayinsa, na sake gwajin zare. Na ɗan fere gefensa a kewaye don kada ya ɓantare, na riƙa cin milimita ɗaya-ɗaya. Kafin la'asar ya koma sabo.

Abin da za a sara nama a kai ba a shafa masa banish, ballantana baƙin mai. Man gyaɗa ma yana yin ɗoyi idan ya daɗe. Farin man farafin na kemis, wanda ake sha don taurin ciki, shi ya dace. Kullum bayan an tashi a kankare, a wanke, a barbaɗa gishiri.

Daga wannan mutumin sai aka fara kawo min na masu tsire da na masu kifi. Ran nan Baba ya biyo ta rumfata, ya shafa wani falankin kawo da na gama, ya ɗora kofin shayi a kai ya girgiza teburin, ya ga ko gezau. Abin da ya ce kawai shi ne, “To, bijimin nan bai faɗi a banza ba.”

Duk wanda ke da rauta a ajiye yana jiran aikin ƙofa, ya sayi filawud ɗaya ya gwada. Amma ya fara da malaina ko arere mai araha, kada ya fara da irokon mutane irin yadda na yi. Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya tsare mu daga tsautsayi, amin.